Rijiyar Xiyang: Jinjina, da Sauran Bashi

Ruwa suka fita nema. A watan Maris na 1974 fari ya matsa wa ƙauyen Xiyang da ke gundumar Lintong, gabas da birnin Xi'an a lardin Shaanxi na ƙasar Sin, sai wasu manoma, yawancinsu 'yan dangin Yang, suka ɗauki diga da kwando suka shiga haƙar rijiya. Da suka nutsa 'yan mitoci, ƙasa ta yi tauri ta koma ja kamar wadda aka gasa. Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin rijiya ana haƙa ya san danshi mahaƙi ke jira, ba ƙarar tsingaro ba. To, tsingaron ne ya yi ta fitowa: ga kafaɗa, ga hannu, ga kai na yumɓu daidai girman kan mutum, ga tsinin kibau na tagulla, ga tubala irin waɗanda ba wanda ya san maginin su.

Abin da ya biyo baya ba zai ba kowa mamaki ba. Wasu suka tsorata, suka ce an taɓo abin da ba a taɓawa. Wasu tsofaffi suka zo suna ƙona turare. Masu wayo kuwa suka kwashi tubala suka yi gida, kibau kuma aka ɗora a sikeli aka sayar da sunan tsohon ƙarfe, irin cinikin 'yan gwangwan. Da abin ya ɗauki wasu watanni a haka, da labarin da duniya ke ji a yau ya watse gutsure-gutsure a hannun dillalai.

Saboda haka jinjinata ta farko ta Zhao Kangmin ce. Ƙaramin ma'aikacin al'adu ne a gundumar, mai kula da kayan tarihin Lintong. Da labari ya iso masa sai ya hau keke ya nufi bakin rijiyar, ya tattara tsingaron har da wanda bai fi farce ba, ya kai ɗakin aikinsa. Ya zauna yana gwada wannan gefe da wancan, yana liƙawa, har mayaƙa biyu suka miƙe tsaye a gabansa, kowanne da tsawon cikakken namiji. Ya gane aikin zamanin daular Qin ne. Daga nan ya ja bakinsa ya yi shiru, kuma shirun nan ba na ragwanci ba ne. Guguwar Juyin Al'adu ba ta gama lafawa ba, an sha farfasa kayan da da sunan yaƙi da tsohon tunani, shi kansa ya taɓa shan tuhuma saboda mu'amala da irin waɗannan kaya. Sai da wani ɗan jaridar kamfanin dillancin labarai na Xinhua ya zo ganin gida Lintong, ya ga mutum-mutumin, ya kai rahoto Beijing, sannan magana ta fito. A watan Yuli tawagar masana ta iso, cikinsu har da Yuan Zhongyi wanda daga baya ya jagoranci aikin. Sun zo da zaton aikin kwanaki ne. Yau an haura shekara 50 ba a ga ƙarshensa ba. Zhao ya rasu a 2018, yana nan Lintong bai je ko'ina ba, alhali mayaƙan da ya fara tayarwa sun zaga duniya.

Wane ne mai wannan runduna? Sunansa na yanka Ying Zheng. An haife shi a shekara ta 259 kafin Miladiyya, ya hau gadon sarautar Qin (ana furta ta kamar "Cin") yana ɗan shekara 13, ya cinye sauran dauloli shida ɗaya bayan ɗaya, kuma a shekara ta 221 ya naɗa wa kansa laƙabin Qin Shi Huang, wato sarkin sarakuna na farko. Ya daidaita rubutu, da kuɗi, da ma'auni, har da faɗin tsakanin ƙafafun amalanke, domin kowane keke ya bi sawun ɗan'uwansa a hanya. Shi ne kuma ya sa aka ƙona littattafai a shekara ta 213. Mutum ne da mutuwa ta hana shi barci: ya aika jiragen ruwa neman maganin dawwama, amma ya mutu a kan hanya yana rangadi a shekara ta 210, fadawansa suka ɓoye rasuwar, suka haɗa ayarin da amalanken kifi domin wari ya rufe wari. Bayan shekara huɗu daular da ya ce za ta yi zuriya dubu goma ta rushe. Ba shi nake wa jinjina ba. Mai iko da ya tara dubban talakawa su gina masa kushewa ba sabon abu ba ne a doron ƙasa; Masar cike take da irinsa.

Wanda ya ji an ce mutum-mutumi ya yamutsa fuska, yana tunanin gumaka, ya kwantar da hankalinsa. Ba a yi waɗannan don a bauta musu ba, ba a ma yi su don ido ya gan su ba. An jera su a ramuka masu daɓen tubali, aka yi musu rufin katako, aka shimfiɗa tabarmi, aka mayar da ƙasa. Dakaru ne na gadin mamaci, fuskarsu na kallon gabas, inda daulolin da ya ci da yaƙi suke. Kuma idan aka tuna abin da suka maye gurbinsa, sai a ga rahama ce ta wata fuska. A shekara ta 621 kafin Miladiyya an binne wani kakan wannan gidan sarauta, Mu na Qin, tare da mutum 177. A shekara ta 384 aka haramta al'adar a Qin. Gara a gasa yumɓu da a rufe mai rai, kodayake Sima Qian, masanin tarihin da ya yi rubutu kimanin ƙarni guda bayan sarkin, ya ce matan fada da ba su haihu ba da masu sana'ar da suka san sirrin kabarin an rufe su a ciki. Shi Sima Qian ya ce mutum 700,000 aka tara wajen aikin, ya ambaci kogunan zaiba da bakunan da aka ɗana domin ɓarayi, amma ko kalma ɗaya bai faɗa ba game da rundunar yumɓu. Shekara fiye da 2,000 tana kwance ƙarƙashin gonaki, kilomita ɗaya da rabi gabas da tudun kabarin, ba littafin da ya san da ita.

Rami na ɗaya tsawonsa mita 230, faɗinsa 62, kuma an ƙiyasta yana ɗauke da mayaƙa da dawakai kusan 6,000. A 1976 aka gano na biyu mai barade da maharba da kekunan yaƙi, da na uku, ƙarami, mai mutum 68, wanda ake ɗauka shi ne zauren manyan hafsoshi. Na huɗu fanko ne, kuma akwai dalilin da ya fi kama hankali: a shekara ta 209 tawaye ya ɓarke, aka kwashe ma'aikatan kabarin aka ba su makamai aka tura su fagen fama. Jimillar mayaƙan ana ƙiyasta ta da kusan 8,000, waɗanda aka tono kuwa ba su wuce kimanin 2,000 ba.

A nan ne jinjina ta biyu ta wajaba, kuma ita ce ta fi nauyi a wurina. Hotunan da muke gani na sahu-sahun mayaƙa a tsaye suna ruɗar mutum, ya zaci haka aka same su. Ina! Rufin katako ya ci wuta tun zamanin da, ana kuma danganta ƙonewar da rundunar madugun 'yan tawaye Xiang Yu wadda ta shiga yankin bayan faɗuwar Qin. Abin da wuta ta bari, ƙasa ta danne. Kusan kowane mayaƙi a farfashe aka tarar da shi, gutsurensa cakuɗe da na maƙwabcinsa da na dokinsa. Duk wanda ya taɓa ƙoƙarin haɗa fasasshen tulu ya san tsingaro ba ya yafiya: ko ya zauna daidai ko ya ƙi. Yanzu a ƙiyasta tulu mai tsawon mutum da nauyin buhu uku ko huɗu, wanda aka fasa shi ɗari, aka zuba cikin ɗaruruwan irinsa. Ana iya shafe watanni a kan mutum guda. A ƙarshen rami na ɗaya akwai wurin da waɗanda ake kan gyara suke tsaye, an ɗaɗɗaure su da igiya da leda kamar majinyata a asibitin ƙashi, wani ba kai, wani na jiran hannu. Masu wannan aiki sun shiga da baƙin gashi sun fita da furfura, kuma baƙon da ya zo ya ɗauki hoto ba ya tambayar sunan ko ɗayansu. A 2010 ƙasar Sifaniya ta ba tawagar lambar yabo ta Yariman Asturias. Yabon gwani ya zama dole, amma lamba ɗaya ba ta biyan rabin ƙarni na durƙuso.

Launi shi ne ciwon da ya fi damun su. Mayaƙan nan ba masu launin ƙasa ba ne a asali. An fara shafe su da wani danƙo da ake tsagowa daga jikin bishiya, sannan aka zuba musu ja da kore da shuɗi da ruwan hoda, har da wata shunayya da ake haɗa ta a wuta da sinadaran bariyom da tagulla da silika. Danƙon ya sha danshin ƙasa na shekara dubu biyu. Da zarar iska ta taɓa shi sai ya fara nannaɗewa cikin daƙiƙa 15, cikin minti huɗu ya ɓare ya tafi da fentin. Mahaƙan farko sun ga fuska mai kumatu ja tana komawa toka a gaban idonsu, ba yadda za su yi. Maimakon su ci gaba da tono don cika sahu a burge baƙi, sai suka rage gudu, suka haɗa kai da masanan jihar Bavariya ta Jamus, har aka dace da hanyar jiƙa danƙon da wani sinadari da ake kira PEG wanda ke maye gurbin ruwan da ke cikinsa. Har ƙasar da fenti ya manne mata yanzu ajiye ta ake yi. Sun kuma iya karɓar gyara, abin da ba kowane gidan tarihi ke iyawa ba. An daɗe ana faɗa wa baƙi cewa maƙeran Qin sun san dabarar shafa kuromiyom don hana tagulla tsatsa. A 2019 bincike da ma'aikatan gidan tarihin suka yi tare da masana daga Ingila ya nuna kuromiyom ɗin daga danƙon kube da ƙota ya fito, kuma yanayin ƙasar wurin ne ya adana makaman. Labari mai daɗi ya faɗi, su da kansu suka sa hannu a takardar.

Sai babban haƙuri: tudun kabarin kansa har yau ba a buɗe shi ba. An auna ƙasar da ke kansa an tarar da zaiba fiye da ƙima, abin da ya ƙara wa maganar Sima Qian nauyi, kuma ba sai an faɗa ba, ranar da aka ce za a buɗe ƙofar nan kuɗin shiga kaɗai zai gina birni. Amma mutanen Sin sun taɓa ƙonewa. Tsakanin 1956 da 1958 an tone Dingling, kabarin sarki Wanli na daular Ming kusa da Beijing, ba tare da shirin adana abin da za a tarar ba. Alharinin da ya yi ƙarni uku lafiya ya lalace, sannan a 1966 matasan Juyin Al'adu suka jawo ƙasusuwan sarkin da na matansa suka cinna musu wuta. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. A nan tsallen ya yi rana. Gefen tudun ma ya isa aiki: kekunan doki biyu na tagulla a 1980, sulken dutse a 1998, 'yan wasan motsa jiki a 1999, ma'aikatan fada a 2000, sai tsuntsayen ruwa na tagulla bayan haka.

Ta fuskar yawon buɗe ido kuwa, ko hasidin iza hasada ya san an yi nasara. Dabarar da ta fi kowace kyau ita ce barin mayaƙan inda aka same su, a gina musu rumfa a kai, maimakon a kwashe su zuwa babban birni. An buɗe gidan tarihin ran 1 ga Oktoba 1979, UNESCO ta sa wurin cikin kayan gadon duniya a 1987, shugaban Amurka Reagan ya je a 1984, Sarauniyar Ingila a 1986, shugaban Amurka Clinton a 1998, kuma a 2023 baƙi sun haura miliyan 10. Jacques Chirac, wanda ya ziyarci ramin a 1978, shi ake danganta wa laƙabin abin al'ajabi na takwas a duniya. Sunan Chirac ba ya wucewa ban tuna da namu ba. Yana shugaban Faransa aka baje mutum-mutumin Nok a gidan tarihin Louvre a 2000, waɗanda aka fitar daga Najeriya ba bisa ƙa'ida ba, sai daga baya Faransa ta amince namu ne aka mayar da zamansu aro. Yumɓun Nok ya girmi na Qin, shi ma masu haƙa ne suka ci karo da shi, wajen tonon kuza, har wani kai ya yi zaman korar tsuntsaye a gonar doya kafin ya isa hannun masanin kayan tarihi Bernard Fagg. Bambancin shi ne a Lintong an yi rufi a kan rami, a Nok kuwa mahaƙan dare suka riga masana isa mafi yawan wuraren.

To, a yaba kyauta tukwici, amma da sauran rina a kaba. Cinkoson da ake alfahari da shi yana da haƙora. Dubban mutane ne ke numfashi kowace rana a rumfa guda da yumɓun da ya saba da duhu da danshi, ga ƙura, ga zafin jiki, kuma an taɓa fama da fumfuna iri-iri a ramukan. An ƙayyade yawan masu shiga a rana, wannan daidai ne, sai dai ƙa'idar da ke karo da kuɗin shiga kullum tana bukatar mai tsaron ta, musamman a makon hutun Oktoba. Misalin mafita ma yana nan kusa: a Yangling, kabarin sarki Jing na daular Han da ke wajen Xi'an, gilashi aka sa tsakanin baƙi da ƙananan mutum-mutumin, kowa da iskarsa. Ba lallai a kwafi wannan a rami mai mita 230 ba, amma duk sabon ramin da za a buɗe bai da uzuri. Haka batun aro. Baje kolin Gidan Tarihin Birtaniya na 2007 ya ja mutum wajen 850,000, kuma ya yi wa ƙasar Sin abin da jakadu goma ba za su yi ba. Amma a Disamban 2017, a wani gidan tarihi a Philadelphia ta Amurka, wani matashi da ya je liyafa ya shiga ɗakin da aka rufe, ya rungumi barde ya ɗauki hoto, ya karye masa babban yatsa ya sa a aljihu, kuma sai bayan makonni aka lura. Wanda ya kwana watanni yana liƙa yatsan nan ya cancanci a tambaye shi kafin a sake sa mayaƙinsa a akwati. Ga kuma 'yan damfara: a 2007 an baje jabu a Hamburg da sunan na gaske, a Lintong kanta an sha kai baƙi gidajen bogi har sai da hukuma ta farfasa wasu.

Bashin da ya fi tsaya mini a rai, duk da haka, na mutane ne. A jikin mayaƙa da yawa akwai hatimi ko zanen suna, kuma an tantance sunayen manyan magina fiye da 80. Kada a ɗauka sa hannun mai fasaha ne da ke alfahari da aikinsa. Dokar Qin ce ta tilasta, domin in an ga aibi a san wanda za a hukunta. Waɗannan magina sun ɗaga gangar jiki da nannaɗen yumɓu kamar yadda ake ɗaga randa, suka fitar da kai daga ƙwarya-ƙwaryan zubi 'yan kaɗan, sannan suka bi da yatsa da wuƙa suna ba kowane gashin baki da kunne da ƙullin gashi kamanninsa, har saƙar tafin takalmin maharbin da ya durƙusa ba su bari ba, alhali sun san binnewa za a yi. A Zhaobeihu, kudu maso yammacin tudun, an tono makabartar leburori: gawarwaki a takure, a cunkushe, yawanci samari. Tare da wasunsu akwai tsingaron rufin ɗaki da aka zana wa suna da garin asali da irin hukuncin da ya kawo mutum, kuma da dama bashin hukuma ko tara suka zo biya da ƙarfinsu. A wani wurin sassaƙar dutse kusa da nan an sami mari da ƙawanyar wuya na ƙarfe. Baƙon yau yana zaga ramuka uku, ya ga kekunan tagulla, ya bi ta kasuwar tsaraba ya hau mota, yana jinjina wa sarki. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Gidan tarihin da ya iya ceto fenti daga iska ba zai gaza sanya tsingaron Zhaobeihu a tsakiyar labarin ba, a sa kowane ɗan rakiya ya ambace su kafin ya ambaci Chirac.

Manoman rijiyar ma haka. Ladan da suka samu bai taka kara ya karya ba, gonakin ƙauyen suka shiga cikin harabar gidan tarihi da wuraren ajiye motoci, aka tashi mutane. Gaskiya ne Lintong ta yi arziki, jikokinsu da dama na cin abinci daga baƙi, wasu daga cikin mahaƙan kuma sun ƙare suna zaune a shagunan tsaraba suna sa hannu a littattafai. Amma wasunsu sun mutu cikin talauci, kuma waɗanda suka rage sai da suka kai ga neman takardar shaidar cewa su ne suka gano wurin, ana ta ja-in-ja a kan ko wanda bai san abin da ya tono ba za a ce ya gano shi. Wannan gardama ta malamai ce. Zhao ya gane, su suka haƙa, kuma wuri ɗaya ya ishi sunayen duka.

A kusurwar kudu maso gabas ta rami na ɗaya akwai ɗan allo da ke nuna inda rijiyar take. A bakin gaɓar ramin ta faɗo. Da sun matsa 'yan taku kaɗan, da wataƙila sun sami ruwansu sun koma gona. Kusa da wannan allo nake so a kafa wani, da harshen Sin da harsunan baƙi, manyan baƙaƙe yadda mai tsaye bayan cinkoso zai iya karantawa: Yang Zhifa, Yang Peiyan, Yang Xinman, Yang Quanyi, Yang Wenhai, Yang Yanxin, Wang Puzhi, da Zhao Kangmin wanda ya zo a kan keke.